Mun Cika Wa 'Ya Mace Kunne, Mun Bar Ɗa Namiji Da Shiru

Makonni biyu da suka wuce na halarci ɗaurin auren 'yar wani ɗan'uwana a Birnin Malam, cikin ƙasar Jega. Bayan an shafa fatiha an watse, da yamma ta yi sai aka shiga abin da kowane Bahaushe ya sani. Aka lulluɓe amarya, aka riƙa zagayawa da ita ɗaki-ɗaki, daga wurin kakarta zuwa gwaggwanninta, daga nan zuwa turakar mahaifinta, kowa yana yi mata nasiha tana kuka. Ni ma da yake baffa nake a wurinta, aka kawo ta gabana na faɗi abin da ya sawwaƙa. Kafin wannan rana kuwa, matan gidan sun kwashe kwanaki suna keɓewa da ita, suna sanar da ita abin da ya shafi tsarki da shimfiɗa da zama da miji.

Da dare muna zaune a ƙofar gida da mahaifin angon, wanda ya ɗan girme ni amma mun san juna tun muna firamare, sai na tambaye shi, "Alhaji, kai kuma me ka faɗa wa ango?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, namiji ne fa. Ai ya san komai." Na ce, "Wa ya sanar da shi?" Ya buɗe baki zai amsa, sai ya yi shiru, ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya nisa ya ce, "Wallahi ban taɓa tunanin wannan ba. Ni ma ai babu wanda ya gaya mini."

Wannan amsa ce ta sa na ajiye batun da na yi niyyar kawowa a wannan mako, domin ta taɓo wani giɓi da ke cikin tarbiyyarmu wanda muka saba da shi har muka daina ganinsa. A gidajenmu, maganar balaga da sha'awa da jima'i magana ce da ake yi wa 'ya mace, uwa ce ke yin ta, kuma galibi da harshen tsoratarwa ake yin ta. Ɗa namiji kuwa babu mai ce masa uffan. Uba yana jin kunya, uwa tana ganin ba huruminta ba ne, sai a bar yaro ya tsinci iliminsa a titi. Daga baya kuma, idan ɓarna ta auku, mu tara jama'a muna mamakin yadda zamani ya lalace.

Bari mu fara da abin da ake gaya wa yarinya. Tun ranar da ta fara ganin jinin al'ada, wani lokaci ma kafin nan, kunnenta ba ya hutawa. Kada ki zauna haka. Kada ki yi dare a waje. Kada ki yi wasa da maza. In namiji ya taɓa ki ciki za ki yi. In kika jawo mana abin kunya ba ni ba ke. Duk wanda ya tashi a Jega ko Aliero ko Maiyama ya ji irin waɗannan kalamai suna tashi daga tsakar gida. Niyyar uwa kyakkyawa ce, babu mai shakkar wannan. Amma mu dubi abin da ke cikin saƙon. Gargaɗi ne zalla, babu bayani. An gaya wa yarinya abin da za ta ji tsoro, ba a gaya mata yadda jikinta yake aiki ba, ba a gaya mata yadda ciki yake samuwa a haƙiƙa ba, ba a kuma gaya mata abin da za ta yi idan wanda ya kai mata hannu ba baƙo ba ne, idan maƙwabci ne, ko mai shagon da ake aikenta, ko wani daga cikin dangi. Mafi muni, an riga an sanar da ita cewa duk abin da ya faru ita ce ta jawo. Yarinyar da aka raina da wannan saƙo, ranar da aka cuce ta, uwarta ce ta ƙarshe da za ta so ta ji labari.

To, shi kuma yaro fa? Ina roƙon iyaye maza masu karanta wannan fili su tuna tasu ƙuruciyar. Ni dai na tuna tawa. Ina ɗan shekara goma sha huɗu, cikin watan azumi, na yi barcin rana na farka na ga abin da ban taɓa gani ba. Na ɗauka wata cuta ce ta kama ni. Na wanke tufafina a ɓoye, na yini ina tunanin ko azumina ya karye, na kuma yi sallolin wannan rana da na washegari da alwala kawai, domin ban san wanka ya wajaba a kaina ba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai tsananin kula. Ya koya mini riƙon fartanya, ya koya mini gaskiya a ciniki, ba ya barin in makara sallar asuba. Amma da a ce in tunkare shi da wannan tambaya, gara ƙasa ta tsage in shige. Sai bayan watanni, a zauren wani malami da muke ɗaukar karatun Ahalari, muka iso babin wanka, malam ya fassara ba tare da ya ɗaga kai ba, na gane cewa mafarki ba ya karya azumi, amma yana wajabta wanka. Ni Allah Ya taimake ni da wannan zaure. Yara nawa ne a yau suke isa wannan babi kafin su bar karatu?

Kada mu ruɗi kanmu da cewa shirun uba yana nufin yaro bai ji komai ba. Yana ji, daga bakin waɗanda ba mu zaɓa ba. Ka shiga kowace babbar kasuwa a wannan yanki ranar da take ci, ka tsaya kusa da mai tallar maganin maza da lasifika, ka ji abin da yake furtawa da rana tsaka, sannan ka dubi waɗanda suka kewaye shi. Da yawansu yara ne masu dako da 'yan talla. Ka je teburin mai shayi da dare ka saurari hirar samari. Ka leƙa rumfar masu cajin waya da tura finafinai, inda da kuɗi ƙalilan ake cika wa yaro waya da abin da kakansa bai taɓa gani ba har ya koma ga Allah. A waɗannan makarantu, darasin ɗaya ne: mace abin farauta ce, "a'a" ɗinta jan aji ne, namijin duniya shi ne wanda ya fi yawan labari. Al'ummarmu ba ta yi shiru a kan jima'i ba. Mutum ɗaya ne ya yi shiru, shi ne wanda maganarsa ta fi kowace nauyi a kunnen yaro.

Yankinmu kuma yanki ne na matafiya. Jega gari ne na fatauci tun ƙarni na 19, albasar Aliero kuwa tana kaiwa kudancin ƙasar nan har ta ƙetare iyaka. Yaro ɗan shekara goma sha shida yakan hau bayan babbar mota ya bi kaya zuwa Ibadan ko Legas ko Anacha, ko ya tafi ci-rani ya yi watanni ba ya gida. Ranar tafiya uba yakan kira shi gefe ya ce ya riƙe salla, ya riƙe amana, ya guji kayan mutane. Nasiha ce mai kyau. Amma yaron zai kwana a tasha, kuɗi a aljihunsa, jininsa yana tafasa, babu idon kowa a kansa, kuma a kan wannan jarrabawa da ta fi kowace kusa da shi ba a ce masa komai ba. 'Yar'uwarsa da za a aika bayan gida ɗebo ruwa ta fi shi samun gargaɗi.

Wannan bambanci ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. A shekarar 2011 wasu masu bincike, Sheri Bastien da abokan aikinta, sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kan yadda iyaye ke magana da 'ya'yansu game da jima'i da cutar ƙanjamau. Abin da suka gano shi ne maganar takan zo ne daga sama zuwa ƙasa, da sigar umarni da gargaɗi mai harshen damo, ba tare da tattaunawa a fili ba. A Amurka ma, a shekarar 2016, Laura Widman da abokan aikinta sun haɗa sakamakon bincike 52 da suka shafi matasa fiye da 25,000, suka ga cewa matasan da iyayensu ke magana da su sun fi kiyaye kansu, amma tasirin ya fi bayyana ga 'yan mata, kuma ya fi ƙarfi idan uwa ce ta yi maganar. Ma'aunin da suka yi amfani da shi na kiyaye kai ba lallai ya zama irin namu ba, domin mu kamun kai har zuwa aure muke nema. Sai dai hoton iri ɗaya ne ko'ina: uwa da 'yarta suna cikin ɗaki suna magana, uba da ɗansa suna waje kowa yana kallon wani gefe.

Abin da ya sa batun ya fi matsa mana shi ne makaranta ma an umarce ta da ta janye hannunta. Tun a shekarar 2003 aka fito da manhajar koyar da zaman iyali da yaƙi da ƙanjamau a makarantun Najeriya, kuma tun daga farko ta gamu da turjiya, musamman a Arewa. A watan Nuwamban 2022, ministan ilimi na wancan lokaci, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar tsara manhaja da ta cire ilimin jima'i daga karatun yara, yana mai cewa wannan aiki ne na iyaye da malaman addini. Mutane da yawa a cikinmu sun yi na'am da wannan mataki, ni ma ina ganin gida ne ya fi cancanta da wannan magana. Amma wanda ya ce a ba shi kaya ya ɗauka, sai ya kawo kai. Mun ce a bar mana 'ya'yanmu mu koya musu da kanmu. An bar mana. Iyaye mata suna yin rabin aikin, ko da da gyara. Ina iyaye maza?

Na san hujjojin da za a kawo, domin na ji su daga bakin mutanen da nake girmamawa. Ta farko ita ce kunya. Za a ce kunya tana cikin imani, kuma Bahaushe da ko sunan ɗansa na fari ba ya kamawa, yaya za a yi ya zauna da shi yana zancen mafarki? Gaskiya ne kunya ado ce, ba na kuma fatan ranar da za mu rasa ta. Amma addinin da ya yabi kunya shi ne ya nuna mana iyakarta. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hukuncin macen da ta yi mafarki, ya kuma amsa mata. Misalin da ya fi dacewa da mu shi ne na Sayyidina Aliyu. Yana da tambaya a kan maziyyi, amma yana jin nauyin Annabi saboda 'yarsa yake aure. Wannan ita ce kunyar suruki da kowane Bahaushe ya sani. Bai haɗiye tambayar ba, sai ya wakilta Miƙdad ya tambayo masa. Ashe kunya tana iya sauya bakin da zai yi magana, amma ba ta soke maganar.

Hujja ta biyu ita ce yin maganar zai buɗe wa yaro ido. Wanda yake faɗin haka bai duba wayar ɗansa ba. Idon a buɗe yake tuni, abin da ya rage shi ne wa zai nuna masa inda zai kalla. Kuma magabatanmu ba su yi wannan tsoro ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, an rubuta shi ne domin a koyar da yara, kuma da an wuce babin aƙida sai a shiga abin da ke wajabta alwala da wanka, inda aka bambance maniyyi da maziyyi da wadiyyi, aka yi bayanin haila da biƙi dalla-dalla. Ahalari da Ishmawi da Iziyya duk haka suke. Waɗannan su ne littattafan da aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantawa a zaurukan Gwandu da Jega da Sakkwato. Malaman da suka ɗora yara a kansu ba marasa kunya ba ne. Sun dai san cewa wanda alƙalami zai hau kansa dole ya san abin da za a rubuta masa.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi. Za a ce ai mace ce ke ɗaukar ciki, ita ce ake nunawa da baki, ita ce aurenta ke lalacewa, don haka dole a fi matsa mata. Babu mai musun cewa ita ce ke ɗaukar kaya mafi nauyi. Mun gani a shari'ar Safiya Husaini ta Tungar Tudu a jihar Sakkwato, wadda aka yanke wa hukuncin jefewa a shekarar 2001 kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sallame ta a 2002, da ta Amina Lawal a jihar Katsina, wadda aka sallama a 2003. A duka biyun, cikin da ke jikin mace ya tsaya a matsayin shaida a kotun farko, mazan da aka ambata kuwa suka musanta aka sake su. Amma wannan ai hujja ce a kanmu. Idan ɓarna ta mutum biyu ce, ɗaya kuma ya fi sauƙin zillewa, hankali cewa zai yi a fi tsananta tarbiyyar mai zillewar, tunda shi ba shi da wani birki sai tsoron Allah da abin da aka dasa masa a zuciya.

Manomi ya fi kowa fahimtar wannan. Idan damina ta faɗi, mai gari ba ya tsayawa ga cewa kowa ya shinge gonarsa. Shela yake sa a yi cewa kowa ya ɗaure dabbarsa. 'Ya mace ba gona ba ce, ɗa namiji kuma ba akuya ba ne, amma tsarin da muke bi ya yi kama da garin da kowa ya dage da shinge, kowa kuma ya saki awakinsa, sannan ana mamakin yadda kullum ake kai ƙara gidan hakimi. Yaron da ka bari ba tarbiyya, 'yar wani zai tara. Ɗan wani da aka bari haka, 'yarka zai tara.

Alƙur'ani kansa bai san wannan rabo namu ba. A Suratun Nur, umarnin runtse ido da kiyaye farji ga maza ya fara sauka a aya ta 30, sannan ya zo ga mata a aya ta 31. Hukuncin zina a farkon surar bai bambanta namiji da mace ba. Babban misalin kamun kai da Littafin ya ba mu saurayi ne, Annabi Yusuf. A hajjin ban-kwana, da Fadlu ɗan Abbas ya tsura wa wata mace ido, fuskarsa Annabi ya kama ya juyar. Sannan ga labarin saurayin da ya zo neman a yi masa izinin zina, jama'a suka taso masa, Annabi ya ce a matso da shi, ya zaunar da shi kusa, ya riƙa tambayarsa ko zai so a yi haka da mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, ko gwaggonsa, ko innarsa, sannan ya ɗora hannu a kansa ya yi masa addu'a. Babu zagi, babu duka, babu kawar da kai. A wannan zama guda akwai dukan manhajar da uba yake buƙata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. A wannan babi guda, mu 'ya'yanmu maza muka bari.

Akwai kuma wani ɓangare da ba mu so a taɓa. Muna ɗauka ɗa namiji ba a cutarsa. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a shekarar 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Yaro ɗaya cikin goma ba ƙaramin adadi ba ne. Yaron da ake turawa almajiranci yana ɗan shekara bakwai, da wanda ke kwana a shago, da wanda ke makarantar kwana, duk suna cikin haɗari, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu cewa akwai wuraren da babu mai ikon taɓawa a jikinsu, ko babba ne, ko mai ba su abinci ne. An koya musu namiji ba ya kuka, sai su haɗiye. A watan Yunin 2020 gwamnonin ƙasar nan sun ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, jihohi da dama kuma sun tsaurara hukunci. Doka tana da amfaninta, amma aikinta yana farawa ne bayan an riga an yi ɓarna. Mutanen Aliero sun yi suna a ɗori, amma ko su za su gaya maka gara ƙafar da ba ta karye ba.

A da, al'ada ta tanadi wasu ƙofofi da ke rage wa uba wannan nauyi. Kaka yana wasa da jika, a cikin wasan yakan faɗi abin da uba ba zai iya ba. Kawu yana da sakin fuska da ɗan 'yar'uwarsa. Shayi ana yin sa ne yara sun yi wayo, a tara su rukuni guda lokacin sanyi, su yi kwanaki suna jinya a hannun manya, su fito da sanin cewa sun taka wani mataki. Zauren malam yana nan ga wanda ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafai. Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. A wurin Baganda na ƙasar Uganda, gwaggo ce ke da alhakin shirya yarinya, kawu kuma ya shirya yaro, kowa ya san aikinsa. Yau gidan gandu ya watse, kaka yana ƙauye jika yana birni, kaciya ta koma ta jarirai a asibiti, yara da yawa kuma ba sa nisa a littattafan fiƙihu. Ƙofofin mata sun ƙuntata amma ba su rufe ba, domin jinin al'ada da aure suna tilasta a yi magana. Na maza ne suka toshe gaba ɗaya, ba mu kuma buɗe wasu ba.

Abin da nake kira gare shi ba baƙon abu ba ne, kuma ba zama ɗaya ba ne da za a yi a sauke nauyi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro ƙarami, namiji ko mace, a koya masa mece ce al'aura, a gaya masa babu mai ganinta ko taɓa ta, idan kuma wani ya gwada ya zo ya faɗa, ba za a doke shi ba. Wannan alkawari na ƙarshe shi ne ginshiƙi, kuma dole a cika shi. Idan sun kai shekara goma a raba musu shimfiɗa kamar yadda aka umarce mu, a koya musu neman izini kafin shiga ɗakin iyaye, a kuma gaya musu dalili. Kafin balaga ta iso, kada a jira sai ta iso, uwa ta zaunar da 'yarta ta yi mata bayanin haila a matsayin lafiya da girma, ta nuna mata yadda za ta kula da kanta, ta rage barazana ta ƙara bayani. Uba kuma ya nemi ɗansa.

Ga uban da bai san ta inda zai fara ba, ga shawara. Kada ka kira shi turaka ka rufe ƙofa kamar mai shari'a. Ku tafi gona tare, ko ka ɗauke shi a babur zuwa kasuwa, inda ba sai kun haɗa ido ba. Fara da tsarki, domin ita ce ƙofar da malamai suka shiga ta cikinta. Ka tambaye shi ko ya san abin da ke wajabta wanka, ka koya masa yadda ake yi. Ka gaya masa sauyin murya da mafarki da jin sha'awa ba cuta ba ne, ba kuma zunubi ba ne, alama ce ta cewa ya zama mutum, hisabi ya hau kansa. Wata rana ka ɗora da maganar waya da abin da ke cikinta. Wata rana ka gaya masa ƙarara cewa 'yar kowa mutum ce mai daraja kamar ƙanwarsa, cewa tilasta wa mace zalunci ne da ke kai mutum kurkuku a duniya kafin a je lahira, cewa yaudararta da alkawarin aure ha'inci ne, cewa ciwon sanyi da ƙanjamau ba sa tambayar ɗan gidan wane ne. Ka kuma sanar da shi cewa idan ya ɓata 'yar mutane, ba za ka sa shi a mota ka tura shi Legas a ɓoye ba, tare za ku je gaban iyayenta. Yaron da ya ji wannan daga bakin ubansa zai yi tunani sau biyu.

Idan duk da haka bakinka ya yi nauyi, yi abin da Sayyidina Aliyu ya yi. Wakilta ƙanenka, ko kawun yaron, ko malaminsa, ka ambata masa abin da kake so a faɗa, daga baya ka bincika ko an faɗa. Matar da mijinta ya rasu ko ya yi nisa, ita ma ta nemi wanda ta amince da shi cikin 'yan'uwanta. Malaman Islamiyya su daina tsallake waɗannan babuka ko karanta su da gudu. Limamanmu da suka saba yi wa mata huɗuba a kan sutura, su ware Juma'a guda su yi wa iyaye maza huɗuba a kan 'ya'yansu maza. Uba kuma yana da abin faɗa wa 'yarsa, ko da jimla ɗaya ce: duk wanda ya cuce ki, ko wane ne, ki zo gare ni, ina bayanki. Yarinyar da ta san haka ta fi wadda aka cika da tsoro ƙarfin cewa a'a.

Kafin in baro Birnin Malam washegari, mahaifin angon ya rako ni bakin mota. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, wancan ya riga ya wuce mini, sai dai addu'a. Amma akwai ƙannensa biyu, ɗaya sha uku ɗaya sha biyar. Gobe za mu je fadama tare." Ban san abin da ya gaya musu ba, ban kuma san ko bakinsa ya buɗe ba. Na dai san ya yi niyyar abin da ubansa bai yi masa ba, ni ma nawa bai yi mini ba. Ni kaina da na dawo gida na dubi babban ɗana, na ga gashin baki ya fara tsiro masa, na gane cewa wannan rubutu ni ya fara kamawa kafin kowa.

Allah Ya shirya mana zuriya, maza da mata, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.